Uban Da Ya Dawo Ba Shi Ba

'Yan uwa marubuta, ku nemi Invaders from Mars, fim ɗin Amurka na 1953. Ba a kashe masa kuɗin kirki ba, dodannin ma har zik ɗin rigarsu ana hangowa a baya, abin dariya. Inda gabana ya faɗi daban ne. Yaro David ya ga jirgi ya nutse cikin yashi bayan gidansu. Babansa ya je dubawa, ya dawo da ɗan tabo a ƙeya, fuska a murtuke, har ya kwaɗa wa yaron mari. Mu kuwa in za mu rubuta shafar aljanu, sai mu cinye shafi uku kan jajayen idanu da ƙahoni, mu manta da ɗan da ke zaune gaban ubansa yana tsoron ya kira shi Baba.