Mashigin Panama: Ruwan Sha Ya Fi Kuɗin Fito

Duk matuƙin da ya iso bakin mashigin Panama da ƙaramin jirginsa mai tafiya da iska, sai ya naɗe filafilai ya ta da inji. Dole ya nemo mutum huɗu masu riƙe igiyoyi, sa'an nan wani jami'in hukumar mashigin ya hau jirgin yana nuna masa hanya.

In daga Tekun Atlantika ya fito, zai shiga ɗakunan ruwa uku a Gatun, ɗaya bisa ɗaya kamar matakala. Da ya shiga sai a rufe ƙofa bayansa, a sako ruwa, jirgi ya yi ta tasowa, masu igiya suna ja don kada ya bugi bango. Haka za a ɗaga shi mita 26 har Tafkin Gatun. Bayan ya ƙetare tafkin sai a sauke shi, mataki ɗaya a Pedro Miguel, biyu a Miraflores, ya faɗa Tekun Fasifik.

To, ga inda gizo ke saƙa. Tun da aka buɗe mashigin a 1914 ba a sa famfo ba. Ruwan tafkin ne ke gangarowa da kansa, kuma kowace ƙetarawa tana zubar da wajen lita miliyan 200 cikin teku. Shi ya sa akan ɗaure ƙananan jirage biyu ko uku wuri guda a shigar da su tare. Wannan ruwa kuwa shi ne jama'ar birnin Panama da na Kolon ke sha.

Da aka yi fari a 2023, hukumar ta rage jiragen da ke wucewa kowace rana daga wajen 36 zuwa 22. Manyan 'yan kasuwa suka yi ta gunaguni. A ganinmu hukumar ta yi daidai. Jirgi yana iya jira, ko ya zaga ta ƙurewar Kudancin Amurka, amma mai ƙishirwa ba shi da wata hanya.

Amurka ta miƙa wa Panama mashigin nan a ƙarshen 1999, aka kuma faɗaɗa shi a 2016. Amma faɗin ƙofa ba ya kawo damina. Wajibi ne a tsare dazuzzukan Kogin Chagres da ke ciyar da tafkin, a kuma tanadi wata ma'ajiyar ruwa tun kafin wani farin ya zo. Ai da ruwan ciki ake jan na rijiya.