Ƙofar Da Ta Ƙi Buɗuwa

Ran 27 ga Janairu, 1967, gobara ta tashi cikin kumbon Apolo 1 a Amurka ana gwaji, tun bai bar ƙasa ba. Mutum uku suka halaka. Tsantsar iskar oksijin da aka cika ɗakin da ita ta rura wutar, ƙofa kuwa ta ciki take buɗewa, iska ta danne ta. Bayan bincike aka mai da ita mai buɗewa waje nan take, aka riƙa gauraya iskar kafin tashi, aka rage kaya masu cin wuta. A ganinmu gaggawar riga Rasha zuwa wata ita ta rufe idon masana. Sauri ya haifi nawa, gama sai Oktoba 1968 Apolo ya tashi da mutane.