Takarda Kaɗai Ba Ta Tsare Gida

'Yan uwa marubuta, a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni mun saba auna darajar gida da kusancinsa da titin Zariya ko Asibitin Malam Aminu Kano, inda 'yan haya ke rububi. Wannan ma'auni bai isa ba. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar birni a hannun gwamna, gwamna kuwa sauyawa yake yi. Rusau ɗin 2023 a Filin Idi da Otal ɗin Daula ya nuna mana abin da wata gwamnati ta raba, wata na iya rushewa. Don haka bayan tantance takarda a KANGIS da neman izinin KNUPDA, mu tambayi dattawan unguwa asalin filin. In na makaranta ne ko maƙabarta, mu haƙura. Araha ba ta ado.