Tashar jirgin ƙasa ba tashar mota ba ce: Me ya sa ba ma jin maganar ma'aikata?

Wata safiya ina cikin layin shiga a tashar jirgin ƙasa ta Rigasa da ke Kaduna, wani dattijon ma'aikaci ya karɓi tikitina ya duba, ya ga an rubuta Idu. Ya ɗago kai ya ce, "Malam, wace unguwa za ka a Abuja?" Na ce Dutsen Alhaji. Ya ce, "To ka sauka a Kubwa, kada ka bari a wuce da kai. Kuma ka haɗa kayanka tun kafin a tsaya, don ba a daɗewa a wurin."

Na ce, "Na gode, Baba," na wuce. Amma a raina ban ɗauki maganar da muhimmanci ba, domin wani abokina ya riga ya faɗa mini ta waya cewa Idu ce babbar tasha, can ake samun mota cikin sauƙi. Da muka tsaya a Kubwa ina zaune ina latsa waya. Daga Idu sai da na ɗauki shatar tasi muka sake komowa ta hanyar Kubwa cikin cunkoso, na biya kuɗin da ya kusa kamo na tikitin jirgin, kuma na samu wanda zan gani ya riga ya fita.

Asarata ƙarama ce, kuɗi ne da lokaci. Amma tun daga ranar nake lura da yadda mu fasinjoji muke yi da maganar ma'aikatan tasha, kuma abin da na gani ya nuna mini cewa ba ni kaɗai ke da wannan hali ba.

A ce wa mutum ya zo da wuri saboda binciken kaya, sai ya baro gida saura minti ashirin, ya maƙale a cunkoson Bakin Ruwa, ya iso an rufe ƙofa ya fara bugun tebur. A ce ya ja da baya daga bakin dandamali, sai ya ƙara matsawa don ya ɗauki hoton jirgi yana shigowa. A ce kada ya sayi tikiti a hannun 'yan cuwa-cuwa, sai ya saya, sannan ya zo yana faɗa wa mai duba tikiti, "Ka san ko ni wane ne?" don an ce sunan da ke jiki ba nasa ba ne.

Ɗabi'ar da muka taso da ita

A ganina tushen matsalar shi ne mun ɗauko al'adar tashar mota mun kawo ta tashar jirgi.

Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, kuma kakanninmu sun san ƙa'idarsa sarai. Amma mu da aka haifa a shekarun 1980 da 1990 mun taso ne lokacin da harkar ta durƙushe. Da yawanmu ba mu taɓa shiga tarago ba sai bayan da aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a watan Yulin 2016. Duk abin da muka sani game da tafiya, a tashar mota muka koye shi.

A tashar mota kuwa komai na ciniki ne. Mota ba ta tashi sai ta cika. Idan ka makara, ka kira ɗan kamasho ya riƙe maka kujera. Idan an wuce inda za ka sauka, ka daki jikin mota ka ce "akwai", direba ya taka birki. Kuɗin kaya ma a yi ta ja-in-ja har a daidaita. Wanda ya fi ɗaga murya shi ke samun yadda yake so, kuma duk abin da ɗan kamasho ya faɗa maka, ka saba raba shi biyu, domin ka san cika motarsa ce a gabansa.

Da wannan kunnen muke sauraron ma'aikacin jirgi. Idan ya ce "ba zai yiwu ba", sai mu ɗauka farashin farko ya faɗa, saura a yi tayi. Alhali shi mutumin nan ba shi da ikon sauya abin da yake faɗa maka. Jirgi yana tafiya ne bisa jadawali da sigina. A layi guda, inda sai wani jirgi ya raɓe a wata tasha kafin wani ya wuce, jinkirin mutum ɗaya yana iya shafar ɗaruruwan mutanen da ke jira a wani gari.

Abin da ya fi asarar kuɗi

Akwai gargaɗin da ƙin jin sa ba ya tsayawa kan kuɗin tasi. Ƙafar jirgi ƙarfe ce, a kan ƙarfe take gudu, ga nauyin taragu a baya. Ko direba ya hango ka ya danna birki nan take, jirgin da ya ɗauki gudu sai ya ci ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya. Ba shi kuma da sitiyarin da zai kauce maka. Shi ya sa mai tuta a mararrabar titi da layin dogo yake tsayar da motoci tun jirgi bai bayyana ba, shi ya sa kuma ake hana tsallaka layi da ƙafa a cikin tasha.

Ranar 9 ga Maris, 2023, a mararrabar PWD da ke Ikeja a Legas, wata bas ɗauke da ma'aikatan gwamnatin jihar ta yi ƙoƙarin tsallake layi jirgi na tafe. Jami'an agaji da shaidu sun ce an ɗaga wa direban tuta ya tsaya, bai tsaya ba. Aƙalla mutum shida suka rasu, gommai suka jikkata. Direban ba fasinjan jirgi ba ne, amma tunanin iri ɗaya ne da namu: "zan iya wucewa kafin ya iso, wannan mai tutar ɓata mini lokaci kawai yake." A Legas ɗin dai, Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ta sha kama masu hawa saman taragu da masu maƙalewa a ƙofa, duk da gargaɗin da ake yi musu kullum.

Haka batun suna da katin shaida, wanda ya fi komai jawo hayaniya a ƙofar shiga. Mutane da yawa suna ganin takura ce kawai. To a tuna da daren 28 ga Maris, 2022, lokacin da 'yan bindiga suka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna hari, suka kashe wasu suka sace gommai. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka ƙara wa iyalai tashin hankali a kwanakin farko shi ne rashin sanin takamaiman waɗanda ke ciki. Rahotannin farko sun ambaci mutum sama da 900, hukumar kuma ta ce 362 ne aka tantance a takardarta. Da aka dawo da zirga-zirga ranar 5 ga Disamba, 2022, an sanya lambar NIN cikin sharuɗɗan sayen tikiti.

Ma'anar wannan a bayyane take. Idan ka shiga jirgi da tikitin da ke ɗauke da sunan wani, to a takarda ba ka cikin jirgin. Allah Ya kiyaye, in wani abu ya faru, sunan wani za a kira, iyalinka kuma su yi ta yawo daga asibiti zuwa asibiti. Ma'aikacin da ya tare ka a ƙofa yana kare ka ne daga wannan.

Su ma akwai gyara a wajensu

Na san mai karatu zai ce, "Ai su ma ma'aikatan ba waliyyai ba ne." Gaskiya ne. Koke-koken ɓoye tikiti da sayar da shi a bayan fage ne suka taimaka wajen kawo tsarin sayen tikiti ta intanet a watan Janairun 2021, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutumin da aka taɓa ce wa tikiti ya ƙare, sannan ya ga ana sayar da shi a waje kan ninkin kuɗi, da wuya ya sake yarda da mai kaki cikin sauƙi. Harin 2022 da sauka daga kan layi da jirage suka yi a wasu lokuta ma ba laifin fasinja ba ne.

Don haka hukumar na da aiki a gabanta. Umarni ba tare da dalili ba yana saurin shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu. A riƙa cewa "ku ja baya, jirgi ba ya iya tsayawa nan take", maimakon tsawa kawai. A tabbatar kowace sanarwa ta lasifika ta fita da Hausa mai kyau, domin tsohuwar da ta taso daga Birnin Gwari ko Giwa za ta asibiti a Abuja ita ma fasinja ce. Idan an sauya lokacin tashi ko an soke tafiya, saƙo ya isa wayar mai tikiti da wuri, kafin jita-jitar WhatsApp ta riga shi. Ma'aikacin da aka kama da cuwa-cuwa kuma a hukunta shi a fili, don a wanke sauran.

Amma laifin wasu ba ya mayar da gargaɗin gaskiya ƙarya. Ko da ka tsani mai tuta, jirgin da ya ce maka yana zuwa, yana zuwa. Hanya mai sauƙi ta bambancewa ita ce ka duba ko mai ba ka shawara zai samu wani abu daga aljihunka. Wanda ya ja ka gefe ya ce zai "taimaka" maka da kujera, ka yi hattara da shi. Wanda ya ce ka zo da wuri, ka riƙe katin shaidarka, ka riƙe hannun yaronka a dandamali, ka jira jirgi ya tsaya cak kafin ka sauka, ba ya neman sisinka.

Akwai kuma girman kai da ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya a kansa. A filin jirgin sama, Alhajin da ke yi wa ma'aikacin Rigasa tsawa shi ne zai cire bel da agogo ba musu, ya isa sa'o'i biyu kafin lokaci. Bambancin kawai shi ne can yana ganin wurin manya ne, nan kuma yana ganin ƙaramin ma'aikaci ne ke masa magana. Alhali wannan ƙaramin ma'aikacin ya ga tashin jirgi da saukarsa sau dubbai, kai kuwa wataƙila sau uku ka zo a shekara.

Dattijon da ya ce in sauka a Kubwa ban sake haɗuwa da shi ba. Amma yanzu duk lokacin da zan shiga jirgi, nakan tsaya in faɗa wa mai duba tikiti unguwar da za ni, in tambaye shi inda ya fi dacewa in sauka. Matambayi ba ya ɓata, kuma tambayar ba ta cin ko minti ɗaya.