Saɓanin Mabiya Buddha a Kan Raba Aiki da Aƙida

Bayan haka, saɓani ya auku tsakanin mabiya Buddha. A shekarar 1979 Jon Kabat-Zinn ya soma koya wa majinyata zaman shiru da lura da numfashi a Jami'ar Massachusetts ta Amurka, ya jingine aƙidarsu ta sake haihuwa bayan mutuwa. Hujjar ɓangarensa ita ce amfanin ya game kowa. Malaman gargajiya kuwa, irin na Tailan masu fita da ƙoƙon bara da sassafe suna karantarwa kyauta, suna ganin an saki reshe an kama ganye, domin manufar asali kuɓuta ce daga maimaita haihuwa. Yau da kuɗi ake koyon zaman a Turai da Amurka. Ilimi kuwa in ya zama haja, mai saye ke zaɓen abin da za a karantar. Allah ne masani.