Kwalta ba ta san ɗan kowa ba

Jama'a, ƴan'uwa manoma da makiyaya, yau ina da magana da ku, kuma ba mai daɗi ba ce.

A garin da nike koyar da yaƙi da jahilci, gidaje suna arewa da kwalta, makarantar boko tana kudu. Kowace safiya yara sai sun ƙetare hanya, da rana su sake ƙetarowa. Bara mota ta buge ɗiyar wani ɗalibina, yarinya ƴar shekara 7. Allah ya sa da sauran kwana, amma har yanzu tana ɗingishi. Da muka je gaisuwa, kowa abu ɗaya yake faɗi: ƙaddara ce. Washegari yara suka ƙetare su kaɗai kamar kullum.

Ban musa ƙaddara ba. Amma ku gaya mini, wane ne cikinku yake sakin akuyarsa a bakin kwalta ya ce ƙaddara ta tsare ta? Ba ko ɗaya. Akuya ana ɗaure ta. Ranar da za a kai shanu mashaya, babba ne yake tsayawa ya duba gabas da yamma kafin a kora su. Ashe mun san dabara. Ga yaranmu ne kawai muke mantawa da ita.

Tun da kun iya lissafi yanzu, bari mu yi shi tare. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 cikin daƙiƙa ɗaya, wato kafin ka ƙare faɗin bismilla. Daga lokacin da direba ya hango yaro har ya taka birki har mota ta tsaya, ta ci fiye da mita 70. Wannan ƙaramar mota ke nan mai birki mai kyau. Babbar mota da ta sha lodin albasa ko siminti ta fi haka nesa. Idan kuwa gudun kilomita 30 ake yi, mota tana tsayawa kafin mita 15. Shi ya sa masana suke cewa a gaban makaranta kada gudu ya wuce 30.

Shi kuma ƙaramin yaro bai iya auna gudun mota ba. Ya hango ta can nesa kamar ƙwaro, ya ce zai riga ta. Abokinsa ya ruga, shi ma ya bi. Ga shi gajere, in wata mota ta tsaya a gefe ta ɓoye shi, direba ba ya ganinsa. Hukumar lafiya ta duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa hatsarin hanya yana kashe mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa daga shekara 5 zuwa 29.

Babbar hanyar ƙasa da ta taso daga Yamai ta bi Doso, Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa har Damagaram ta ratsa garuruwa masu yawa irin namu. Ranar Litinin da Juma'a, ranakun kasuwar Maraɗi, ku tsaya ku ga yadda motoci suke tsere.

Na san abin da za ku ce: laifin direbobi ne. Gaskiya ne, akwai masu gudun hauka, akwai masu tuƙi da barci a ido, kuma hukuma ta kama su. Amma direban ya wuce, gobe wani ne zai zo. Mu ne muke nan. Kuma ba direba ba ne yake ɗora yara huɗu bisa kabu-kabu ɗaya, ɗaya bisa tanki, ba mai hular kwano, don a rage kuɗin hawa. Uba ne yake biya, yana kallo.

Wasu sun ce a hana yara zuwa makarantar, a huta. Wannan ba magani ba ne. Mu da muke koyon baƙi da furfura a kai mun san abin da rashin karatu ya jawo mana.

Abin da nike nema bai buƙatar ko dala. Kwamitin iyayen yara ya zauna da maigari, a rubuta sunayen magidanta, kowa da ranarsa. Mai rana ya tara yara wuri ɗaya, ya duba hanya, ya ƙetarar da su gaba ɗaya, da tafiya ba da gudu ba, in an tashi ya dawo da su. Garin da ke da magidanta 60, kusan sau ɗaya cikin wata uku aikin zai faɗo kan mutum. Ko lokacin girbi ana iya wannan.

Bayan haka a rubuta wa magajin gari takarda, a nemi allon da ke nuna akwai makaranta, da tudun rage gudu gabas da yamma da ita. Kada ku jira wani ya rubuta muku. A ajinmu mun sa ranar Laraba, uban yarinyar nan ne zai riƙa alƙalami.