Gurgu ba mai gadin takalma ba ne

A makarantunmu na Maraɗi akwai wani aiki da ba a rubuta shi a ko'ina ba, amma kowa ya san mai yinsa. Da an buga ƙararrawar fita wasan motsa jiki, 'yan aji su ruga fili, shi kuwa yaron da shan inna ya shanye wa ƙafa a zaunar da shi gindin bedi yana tsaron takalma da jakunkuna. Uba ya samo masa takardar likita wadda ta ɗauke masa wasa, mushe ya ajiye ta cikin dosiye, kowa hankalinsa ya kwanta. Mu muna kiran wannan tausayi. Ni a wurina horon zaman bara ne, domin abin da yaron ke koya shekara bayan shekara shi ne ya zauna gefe ya jira.

In ka yi magana, amsar a shirye take: ai ba ya iya gudu, kuma babu kuɗi. To ga ƙwallon tebur. Tun gasar nakasassu ta duniya ta farko, a Roma a 1960, wannan wasa yana ciki. An raba 'yan wasansa aji 11: daga 1 zuwa 5 masu bugawa a kan keke, 6 zuwa 10 masu tsayuwa da raunin ƙafa ko hannu, na 11 masu raunin fahimta. Tebur ɗaya ne da na kowa, maki 11 ne kamar na kowa. Bambancin da aka yi wa mai keke ɗan kaɗan ne: mai sako masa ƙwallon farko ba zai karkatar da ita ta fice ta gefen tebur ba. Wato gurgu da mai ƙafa suna iya karawa a aji ɗaya, kuma ba dole mai ƙafar ya ci ba.

Wanda ke ganin nakasar ɗansa ta yi yawa ya nemi bidiyon Ibrahim Hamadtou na Masar. Jirgin ƙasa ya raba shi da hannuwansa biyu yana da shekara 10. Da baki yake riƙe faifan bugu, da ƙafa yake cilla ƙwallo sama, kuma haka ya wakilci ƙasarsa a Riyo a 2016 da kuma Tokiyo. Ba sai mun je nesa ba ma: ɗan Najeriya Isau Ogunkunle, a kan keke, ya ci tagulla a Paris a 2024. Nijar ta fara zuwa wannan gasa a 2004, har yau ba ta ɗauko lamba ko ɗaya ba. Ina za ta samo ta, alhali masu ɗaukowar suna gindin bishiya?

Maganar kuɗi kuwa ta fi ba ni haushi. Tsawon tebur mita 2.74 ne, faɗinsa mita 1.525, tsayinsa santimita 76. Wane kafinta ne a Maraɗi zai kasa wannan? Abin da za a gaya masa kawai shi ne ya ja ƙafafun tebur ciki da santimita 40, don keke ya samu shiga. Iska tana ɓata wasan, gaskiya ne, musamman da hunturu, don ƙwallon ba ta kai giram 3 ba. Sai a ture benci a buga cikin aji da maraice. Kwamitin iyaye da ke iya tara kuɗin bikin ƙarshen shekara, da rumfa da lasifika da lemo, kada ya ce mana katako ya fi ƙarfinsa. Garin da ya fitar da Kantu, wanda ya fara ɗaukar takobin kokawa ta ƙasa a 1975, ya san yadda ake kashe wa wasa kuɗi in wasan ya shiga ransa.

Mutanen Tibiri kuwa su ne ya kamata su riga kowa. Ba a manta ba yadda ruwan famfo mai yawan sinadarin fuloraid ya tanƙwara ƙasusuwan ɗaruruwan yara a garin, maganar da ta fito fili wajen 2001. Yaran nan yanzu magidanta ne, a tambaye su nawa ne aka taɓa sa wa suna a jerin 'yan wasan makaranta. A Danja ta ƙasar Jiratawa ma, asibitin da ya daɗe yana jinyar kuturta ya sa mutanen yankin sun san cewa rauni a gaɓa ba ya hana mutum sana'a. Me ya sa zai hana shi gasa?

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu tun 2008, kuma sashe na 30 ya ambaci wasanni a makaranta ƙarara. Malamai, ku ake nufi. Idan uba ya kawo takardar likita, ku tambaye shi abin da likitan ya hana: gudu ne, ko tsalle, ko duk wani motsi? Iyaye kuma, a taron kwamiti mai zuwa ku sa tebur cikin kasafi, ku nemi a haɗa makarantun Maraɗi da Tibiri da Jiratawa gasa kafin babban hutu, da alƙali da sakamako a rubuce, wanda aka cinye a gaya masa an cinye shi.